Hagu Biyu

Satin da na tare a gidan Gwadabe a Yalwawa, abin da ya fara ba ni haushi takalma ne. Kambas kala uku, fari da shuɗi da wani mai ratsin ja, an kafa musu katako a bangon zaure, sama da inda kaji za su kai. Kwanukana na aure suna ƙasa kan tabarma suna jiran kafinta, su kuwa waɗannan masu tashin tsami sun riga sun sami mazauni. Na tambayi Iya, surukata, ko baƙi muka yi. Ta ce in sa wa raina haƙuri, takalman ne masu gidan, ni da ita ne baƙin.

Kuma ba na mijina ba ne shi kaɗai, na haɗaka ne shi da Nehemiya. Nehemiya mutumin Filato ne, Kirista, safiyo mai auna filaye a ma'aikatar ayyuka. Ya zo Dutse lokacin da aka ba mu jiha, sa'ad da ma'aikata ke kwana a ofis saboda ƙarancin gidaje. A garinsu, in ji shi, yaro kan iya hawa dutse da gudu kafin ya iya ɗaura wando. Ya ga Gwadabe yana zagaye filin makaranta da takalmin roba, ya tsayar da shi, ya ce masa yana da huhu mai kyau amma zai kashe gwiwarsa tun bai yi aure ba. Da suka gwada ƙafa sai ga lambarsu ɗaya. Daga nan ƙafar wannan ƙafar wancan, har aka ɗauke su cikin masu yi wa jiha gudun dogon zango.

Dokar Nehemiya ita ce takalmi ma yana gajiya. Wai akwai soso a ƙasansa, in an taka shi tun daga Yalwawa har bayan duwatsu aka dawo, sai ya kwanta, kuma ba ya tashi sai ya wuni ya kwana babu ƙafa a ciki. Wanda ya yi ta maimaita shi kullum babu hutu, gwiwarsa ce za ta gaya masa. Shi ya sa uku ne tsakanin mutum biyu, kullum biyu suna hanya ɗaya yana hutu. Na ce ni dai ban taɓa ganin ɗan gata irin wannan ba, ga hutu, ga mai wanke shi, ga ɗakin kwana. Ba a shanya su a rana, ba a kai su kusa da murhu. Ran da na yi gwaninta na wanke farin na ɗora a kan kwanon rufi ya sha rana, Gwadabe bai ci tuwona da daɗin rai ba.

Sayen sabo kuwa biki ne. Sabo a wurinsu gwanjon Kano ne, inda ake zube takalma tsibi guda, ka tsinci wari ɗaya ka shiga neman ɗan'uwansa. Nehemiya kan murɗa takalmi kamar mai matse wanki, ya duba dunduniya ko ta cinye ta gefe guda, ya danna babban yatsa a gaba ya ji ko an bar wa yatsu wuri. Abin da ba ya sassautawa a kai ko kaɗan shi ne lokaci. Ba a sayen takalmin gudu da safe. Sai rana ta yi, ƙafa ta sha yawo ta kumbura, wai ita ce ƙafar gaskiya. Wanda ka gwada da safe zai cire maka farce a tsakiyar tsere. Sai su isa Kano da hantsi su yi ta zagaya kasuwa hannu a aljihu, suna jiran ƙafa ta kumbura. Na sha yi musu dariyar wannan, manya da su.

Iya ta ɗauki Nehemiya ɗa. Sunansa ya gagari harshenta, sai ta bar wa kanta wahala ta koma ce masa ɗan Jos. Kowace safiya zai zo da silifa, ya zauna a dakalin zaure yana ɗaure igiya, yana jiran Gwadabe ya fito daga masallaci. In sun dawo daga gudu koko na jiransu, kuma nasa ya fi kauri, ko da Iya ta rantse hannunta ɗaya ne. Ni kuwa har na haihu uku bai daina ce mini amarya ba. Ina ce masa Baban Promise, da sunan 'yarsa ta fari.

Iya 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Jahun, kuma ta taho da camfe-camfenta ba ta bar ko ɗaya a gida ba. A wurinta, in warin takalmi ya hau kan ɗan'uwansa, mai shi zai yi tafiya. Sau nawa na kama ta a zaure tana raba su, tana ajiye su nesa da juna kamar yaran da suka yi faɗa. Da abin dariya ne. Daga baya ya daina ba ni dariya, don na gane ba tafiyar Gwadabe take tsoro ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a mun yi murna kamar kowa. Ni da hannuna na ɗinka wa Gwadabe dogon wandon gudu, Nehemiya ma ya kawo yadi ya ce in yi masa irinsa don kada a ce ya fi abokinsa kyan ƙauri. Amma bayan rikicin da ya faru a Kaduna sai garin ya canza kallo. Maƙwabcinmu Mika'ilu, wanda ko bayan akuyarsa ba ya iya gudu, ya tare Gwadabe ya ce masa bai dace Musulmi ya sa ƙafa inda wanda ba ya salla ya yi gumi ba. Iya ta ji daga cikin gida, ta ce a gaya masa in yana neman abin wankewa ya fara da bakinsa. Duk da haka baƙi suka fara ɗaure kaya ɗaya bayan ɗaya. Mary, matar Nehemiya, ta ce hankalinta ba ya kwance, ta kwashi yara ta koma Jos, ta ce wa Iya ɗan lokaci ne. Shi ya zauna. Amma kowa a gidanmu ya san ana jansa, kuma babu wanda yake so ya tafi.

A ƙarshen daminar shekarar da ta biyo, Mary ta haihu a can. Nehemiya ya zo sallama ranar wata Alhamis da hantsi, mota tana jiransa a tasha. Akwai tsere a gabansu, don haka Gwadabe ya ce ya tafi da shuɗin, shi ne ya huta, ya ci gaba da atisaye a kan duwatsun garinsu. Iya ta ce su bari ita za ta sa masa a leda, tunda da ma akwai kanwa da yaji da za ta aika wa mai jego. Ta shiga zaure ta daɗe, ta fito da ƙulli ta ɗaure shi tamau.

"Ɗan Jos, za ka dawo?"

"Iya, da an yi suna ina hanya. Ina zan kai ƙafata in bar takalma biyu a nan?"

"Haka matarka ta ce."

Ya yi dariya, ya durƙusa ta dafa kansa, ya ce mini amarya sai ya dawo.

Washegari Juma'a Gwadabe ya je ɗaukar farin, sai na ji yana kiran Iya. A kan katako akwai mai ratsin ja cikakke, sai kuma wari ɗaya fari da wari ɗaya shuɗi. Iya ta fito tana ƙunshe dariya. A garinsu, in ji ta, in kana so baƙo ya dawo sai ka riƙe masa rabin abinsa, ƙafarsa ba za ta zauna ba sai ya zo ya ɗauka. Gwadabe ya ɗaga su ya juya, ya ce mata ai da ta haɗa masa hagu da dama ko kala ta saɓa zai sa a haka, yanzu ga dama biyu a nan, hagu biyu a Jos. Ta ce ita ina ta san hagu da daman kambas, duk kansu ɗaya kamar ƙosai. Muka yi ta dariya, har Gwadabe yana kwaikwayon yadda fuskar Nehemiya za ta yi in ya kwance leda.

Da yammacin ranar rediyo ta ce Jos ta kama da wuta.

Ba mu da waya, ba mu san wanda za mu tambaya ba. Gwadabe ya mai da tasha gida, duk direban da ya shigo daga wancan ɓangaren sai ya tare shi. Da hanya ta buɗe ya je da kansa, ya tarar unguwar da aka kwatanta masa ta watse, wanda ya tambaya sai ya kalli hularsa ya ce bai sani ba. Ya dawo ya ci gaba da gudu da mai ratsin ja kullum, babu hutu, har gwiwarsa ta kumbura ina gasa masa da ruwan zafi. Na ce ya je Kano ya sayo wani mana. Ya ce bai iya zaɓe shi kaɗai ba. Iya ce kawai hankalinta a kwance, ko kuwa haka take nuna mana. Ta ce dole ya dawo, rabin abinsa yana hannunta.

Mary ce ta dawo, bayan an gama kaka, don ta kwashe abin da ya rage a ɗakinsu. Da ta yi sallama na ga baƙaƙen kaya da jariri a baya, ban tambaye ta komai ba. Muka yi kuka mu uku a tsakar gida har maƙwabta suka shigo, har da matar Mika'ilu. Da aka watse, Iya ta shiga ɗaki yin la'asar, Mary ta buɗe jakarta a ɗakina ta fito da ledar nan. Gwadabe yana tsaye a bakin ƙofa.

Mary ta ce da safiyar Juma'ar Nehemiya ya kwance ƙullin zai fita gudu, ya ga hagu biyu, ya zauna a ƙasa yana dariya. Ya ce ba zai yi kwanaki ba atisaye ba, zai shiga kasuwa ya nemo ko wane irin gwanjo ya lallaɓa da shi. Ta ce masa to ya je tun da wuri ya dawo, akwai aikin suna.

"Ya ce in bari rana ta yi tukuna, ba a sayen takalmin gudu da safe." Ta gyara goyonta. "Da rana ta yi ya fita da silifa."

Na tambaye ta su wane ne suka kashe shi, ban san me ya sa na tambaya ba.

"Ban sani ba, Safiyatu. Shi sunansa irin namu ne, Hausarsa irin taku ce, kowane ɓangare zai iya ɗaukarsa ɗan wancan."

Mutumin da duk jihar nan babu mai shan gabansa in ya ɗaure igiya, shi aka cim ma da silifa a ƙafa. Zuciyata ta karye a wurin nan, kuma ban ce ta gama haɗuwa ba har yau. Na ji haushin gari, na ji haushin dokarsa ta banza ta jiran rana, na nemi in ji haushin Iya na kasa. Gwadabe ya zame ya zauna a bakin ƙofar, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo.

Muna haka Iya ta shigo da carbi a hannu. Idonta ya sauka a kan ledar, ta gane ɗaurin hannunta.

"Ya ga aikina kuwa?"

Mary ta dube ni, ta dubi Gwadabe.

"Ya gani, Iya. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce kin ɗaure shi, dole ya dawo."

A nan Mary ta tsaya, Allah ya saka mata da alheri. Iya ta jinjina kai. Ba ta tambayi inda ya je ranar ba, ko abin da ya fitar da shi, kuma Iya mace ce mai tambaya. Ta yi shekaru bayan nan ba ta taɓa tambaya ba, mu ma ba mu taɓa faɗa ba.

Ta ɗauki ledar ta nufi zaure, muka bi ta. Ta sauko da warin nan biyu daga kan katako, ta zube duka huɗun a ƙasa, fari wajen fari, shuɗi wajen shuɗi. Ta jera su ta wargaza, ta sake jerawa, kowane karo bakin takalman yana kallon waje.

"Gwadabe, zo ka nuna mini. Wanne ne hagun?"

Ya durƙusa kusa da ita, ya kai hannu, ya kasa. Ni na jera su, na mayar kan katako kusa da mai ratsin ja. Iya ta miƙa hannu ta ɗan matsar da kowane wari nesa da ɗan'uwansa.