Ranar da Inna Ta Je Ajin Turanci

Tela ne da bakinsa ya kafa dokar, bayan rasuwar matarsa: a gidan nan ba mai yi wa Maɓalli magana sai da Turanci. Shi nasa Turancin guntu-guntu ne, a bakin masu kawo ɗinki ya tsince shi, amma ya rantse 'yarsa ba za ta tsufa a kan keken ɗinki ba. Ya sa ta makarantar da ake cin tarar yaro in ya yi harshen gida, kuma abin ya karɓe ta. Yarinyar da ta taɓa haɗiye maɓallin riga tana rarrafe, har sunan ya bi ta, yanzu in ta saki Turanci shi kansa sai ya ce ta maimaita.

Dokar ba ta hau kan Inna ba, don wa zai kafa wa uwarsa doka? Kullum da yamma tsohuwar takan zaunar da jikarta tsakanin ƙafafunta, tana taje mata kai tana zuba mata labari. Tela yana jin su ta bayan labulen da ya raba shago da ɗaki. Inna ce ke magana, yarinyar sai dai ta gyaɗa kai.

"Wannan 'ya da kunya take, kamar uwarta," in ji Inna.

Ba kunya ba ce, kuma Tela ya sani. In ban da gaisuwa da "zo" da "tafi", ba abin da yarinyar ke ji. Ya daɗe yana ɓoye wa Inna wannan, yana tsoron ranar da za ta gane cewa shekara da shekaru ita kaɗai take hirarta.

Sai ga sabuwar malamar Turanci ta zo da tsarinta. Ta ce ba daidai ba ne yara su san yadda mutanen wata ƙasa ke gaisawa, alhali ba su san abin da ke gidan wanda suke zaune benci ɗaya ba. Kowane mako ɗalibi zai kawo babba daga gida ya yi magana da harshensa, ɗalibin ya fassara wa aji. Niyya ce mai kyau, ba musu. Tela ya ce shi zai je. Malama ta ce ai ta ji akwai kaka a gidan, kuma ba kamar kaka. Kafin ya san dabarar yi, magana ta kai kunnen Inna, har ta ciro zanen da ba ta ɗaurawa sai da dalili.

Ajin yana warin alli da jiƙaƙƙen tsumma. An manna taswira a bango, gefenta ya ɓalle yana lilo. Aka ba Inna kujerar malama, Maɓalli ta tsaya kusa da ita tana murza gefen rigar makarantar da ubanta ya ɗinka. Tela ya matse kansa a bencin baya, gwiwoyinsa na dukan tebur.

Inna ba ta kalli yaran ba. Jikarta ta kalla.

"Yau a gaban mutane zan faɗa, don su san 'yar wace ce ke," ta ce. Ta faɗi yadda surukarta, uwar yarinyar, take dariya tana rufe baki da bayan hannu, da yadda take ƙona girki in ta samu abokin hira. Ta faɗi yadda ciwo ya kwantar da ita, da yadda ta riƙe hannun Inna ta ce, "Ki riƙa yi mata hira, Inna. Kada ta tashi a gidan da ba a magana."

Ta tsaya don a fassara. Maɓalli ta dubi allo, ta ce da Turanci mai daɗi, "Kakata ta ce ta yi farin cikin zuwa makarantarmu. Ta ce mu yi karatu sosai."

"Madalla!" in ji malama, wadda ba ta jin harshen Inna. Tana rubuta wani abu a allo game da girmama manya.

Tela ne kaɗai a ɗakin ya ji duka biyun. Ya yi fatan a tsaya nan, a tafa, kowa ya kama gabansa. Amma Inna ta kamo hannun yarinyar.

"Na cika mata alkawari ko ban cika ba? Faɗa mini, 'yar nan. Kina tuna abin da nake gaya miki game da ita?"

Maɓalli ta ji an yi tambaya. Ta laluba cikin ɗan abin da take da shi, ta yi murmushi, ta ba da amsar da ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Lafiya lau, Kaka."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta saki hannun a hankali, ta ɗago ido ta nemo ɗanta can a bencin baya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon wani suna da aka kankare a jikin tebur. Malama ta ce a tafa wa kaka, yara suka tafa da ƙarfinsu.

A hanya Inna ba ta zage shi ba, shi kuwa da zagin ya fi masa sauƙi. Maɓalli ce ta ja hannunsa ta tambaye shi da Turanci, "Baba, me ta faɗa ne mai tsawo haka?" Ya buɗe baki, ya tarar Turancinsa na awon wuya da tsawon hannun riga ne, ba zai ɗauki wannan ba. Ya ce zai gaya mata daga baya.

Da yamma ya zauna kan keke da wandon wani a gabansa, amma bai taka ba. Ya ji Inna ta ja tabarma, ya ji yarinyar ta zauna tsakanin ƙafafunta kamar kullum. Ya kasa kunne ta bayan labule yana jiran muryar uwarsa. Ba abin da ya ji sai ƙarar mataji cikin gashi.