Numfashin Rumyana

Spaska ta tura ƙofar garejin da kafaɗa, saboda hannuwanta biyu riƙe suke da ledoji. A ɗaya akwai alkamar da za ta dafa ta sadakar gobe, a ɗayar kyandirori da banitsa, wato burodi mai cuku, da ta saya a tashar bas ta Pernik. Tun daga waje take jin mazan biyu suna musu.

"Manhajarka ba ta iya ƙirga bakwai ba," in ji Kostadin. "Na ba ta kiɗan rawa mai bugu bakwai, ta mayar mini da shi huɗu, sai ka ce faretin soja."

"Ba laifin manhajar ba ne, Tsoho. Akwai wurin da ake gaya mata. Kai ne ba ka sa tabarau," in ji Lyuben.

"Tawa ba sai an gaya mata ba."

"Taka ba ta san komai ba, shi ya sa. Tsohuwar rediyo mai kaset ce aka manna wa allo."

Lyuben ne mai garejin. Akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa, yake kaɗawa a bukukuwan aure, da kaka kuma ya zauna yana naɗar muryoyin mawaƙan ƙauyuka a nan, cikin bangon da ya lulluɓe da tsofaffin barguna da kwalayen ƙwai. Kostadin mai sarewa ne, ya tsufa a ramin haƙar kwal kafin jikansa ya ɗora masa wata manhajar naɗar sauti a kwamfuta. Tun daga ranar ya zama gwani, kuma ba ya barin Lyuben ya huta.

Da suka ga Spaska sai musun ya mutu. Lyuben ya tashi ya karɓi ledojin.

"Sannu da hanya, Inna Spaska. Zauna nan, kujerar can ƙafarta ɗaya ta tafi."

"Allah ya jiƙan Rumyana," in ji Kostadin, yana cire hularsa.

"Amin, Yaya Kosta."

Gobe yayarta Rumyana za ta cika kwana arba'in a ƙasa. Tun suna 'yan mata suke waƙa tare, irin ta ƙauyensu, wadda ba ganga ba tafi. Rumyana ce mai ɗauka, tana hawa tana sauka tana karya murya. Spaska kuwa murya ɗaya take riƙewa a ƙasa, dab da ta yayarta, har muryoyin biyu su gogi juna su yi amo kamar ƙararrawar coci. Ba a yin irin wannan waƙa da baki ɗaya. Da bazara, kafin ciwon Rumyana ya bayyana, Lyuben ya naɗe su suna waƙar girbi, kowacce da makirfonta. Abin da Spaska ta roƙe shi shi ne ya fitar mata da muryar Rumyana ita kaɗai. Tana so gobe, bayan limamin coci ya gama addu'a a bakin kabari, a kunna, ita kuma ta riƙe mata ƙasan, sau ɗaya na ƙarshe.

"Mako guda ina kanta," in ji Lyuben, yana jawo kujerarsa gaban kwamfutar. "Makirfonta ya ɗauki muryarki kaɗan-kaɗan, na cire. Kukan firij, na cire. Har karen maƙwabcina da ya yi haushi a baiti na uku. Wannan manhajar, Inna, idan kika ce mata ta cire kare, kare za ta cire."

"Da za ta iya cire kawun ango daga faifan bikin Radomir, da na yarda da ita," in ji Kostadin. "Mutum ya sha ya ƙoshi, ya ƙwace makirfo. Abin da ya kamata su ƙera ke nan. Maɓalli ɗaya, ka danna, kawun ango ya ɓace."

"Ni abin da nake so shi ne ta daina gyara min muryar matan ƙauye. Da ta ji murya biyu sun matsu sai ta ɗauka kuskure ne, ta nemi raba su," in ji Lyuben.

"Turawan da suka yi ta ba su taɓa zuwa girbi ba."

"Mu ma ai Turawa ne, Tsoho."

"A takarda."

Spaska ta yi ɗan murmushi don kada su ji kunya. Lyuben ya danna.

Muryar Rumyana ta cika garejin. Tsaf take, ba ƙura ba tsakuwa, kamar tana tsaye tsakanin bargunan da gyalenta mai ja. Spaska ta dafa gefen teburin. Kostadin ya juya yana kallon kwalayen ƙwai.

"Ki gwada?" in ji Lyuben a hankali.

Ta miƙe ta cire rigar sanyinta. Ya mayar da waƙar farko. Ta rufe ido kamar yadda ta saba.

Rumyana ta fara ba tare da ita ba. Spaska ta bi ta a guje, ta kamo ta a kalma ta uku. A baiti na biyu ta yi saurin shiga, muryarta ta tsaya ita kaɗai a fili, sai daga baya ta yayar ta faɗo a kai. Aka sake. Aka kuma sakewa. Kowane baiti sai ya zo mata kamar an buɗe ƙofa ba sallama.

"Gajiya ce," in ji Kostadin. "Ki ci wani abu tukuna."

"Ba gajiya ba ce." Ta ji nauyin abin da za ta faɗa, domin ta ga yadda idon Lyuben ya yi ja da aikin. "Lyuben, ba ta numfashi."

"Na'am?"

"Kafin ta ɗauka, tana jan numfashi. Da shi nake sanin lokaci ya yi. Nan babu. Shiru ne kawai, sai murya."

Lyuben ya kalli allon. Tsakanin baiti da baiti layin ya miƙe sambal, ba ko ɗigo.

"Na share su," ya ce. "Kowa yana sharewa, Inna. Idan ka kai waƙa gidan rediyo da numfashi a ciki, dawo maka da ita za su yi. Hannuna ne ya saba, ban ma yi tunani ba."

"To mayar da su," in ji Kostadin. "Ɗauko na asalin."

Lyuben bai motsa ba. Ya shafa gemunsa, ya buɗe wani wuri a kwamfutar, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Cikin kwamfutar ya cika ranar Talata. Faifan bukukuwa sun yi yawa. Da na gama gyaran sai ta tambaye ni ko ta zubar da guntayen da ba a amfani da su. Na ce e."

"Tawa ba ta zubar da komai."

"Na sani."

"Ko tari ka yi, yana nan har ka mutu. Na sha gaya maka."

"Na ce na sani, Baba Kosta."

Yadda ya kira sunan ya sa tsohon ya ja bakinsa. Spaska ta koma ta zauna. Ta buɗe takardar banitsa ta yanka uku da wuƙar da ke cikin jakarta, ta tura musu nasu, don hannunta yana neman abin yi. Ba wanda ya ɗauka. A waje wata mota ta wuce tana fesa ruwan sama.

"Zan iya sa miki ƙwanƙwasa kafin kowane baiti," in ji Lyuben. "Ƙwas, ƙwas, sai ki shiga."

"A bakin kabari?" in ji Kostadin. "Ƙwas ƙwas?"

"To me kake so in yi? Da akwai maɓallin da ake dannawa a koma ranar Talata, da na danna."

"Da akwai shi, ba Talata zan koma ba," in ji Spaska.

Ba ta yi nufin ta soke shi ba. Ta ga ya sunkuyar da kai, ta ji ba daɗi, amma ba ta san yadda za ta janye maganar ba.

Kostadin ya laluba aljihunsa ya zaro tabarau, abin da ba ya yi a gaban Lyuben. Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Wannan layin na ƙasa, mai toka-toka, na wane ne?"

"Na Inna Spaska. Na kashe shi."

"Shi ma ka wanke?"

"Ban taɓa shi ba. Ba wanda ya ce in taɓa."

"Idan makirfon Rumyana ya ɗauki muryar wannan, na wannan bai ɗauki numfashin waccan ba? Ai kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa, Injiniya."

Lyuben ya ɗago. Ya kunna layin, ya ja wurin da ke gaban baitin farko ya faɗaɗa shi har ya cika allon. Akwai tudu biyu kafin waƙar ta fara, babba a gaba, ƙarami manne a bayansa. Ya ƙara sauti ya danna.

Aka ji numfashi mai ƙarfi, kusa, ta hanci. Kafin ya ƙare wani ya hau kansa daga nesa, gajere, da ɗan kakari a ƙarshensa.

"Ita ce," in ji Spaska. Ta miƙe tsaye. "Wannan kakarin. Tun da ta yi ciwon huhu tana ƙarama."

"Wanne daga ciki?" in ji Lyuben.

"Na biyun."

"To na farkon fa?"

Lyuben ya tsallaka baiti na biyu. Tudu babba, ƙarami a bayansa. Na uku ma haka. Ya bi su har ƙarshen waƙar, ko ɗaya bai saɓa ba.

"Babban naki ne, Inna. Makirfonki ne, ke ce kusa da shi. Ke kike fara ja."

"A'a. Ita ce babba. Ita take ɗauka, ni bi nake yi."

"Ita take ɗaukar waƙar," in ji Kostadin. "Amma ga shi nan a zane, ƙanwata. Sai kin shirya take buɗe baki."

Spaska ta tsaya tana kallon tudun nan biyu. Ta tuna Rumyana a dandalin ƙauye, a bikin 'yar magajin gari, a zauren garin Kyustendil da aka cika maƙil, lokacin da tsoro ya hana Spaska ɗaga kai. Kullum akan yi wani ɗan shiru kafin su fara, mutane su ɗauka yanga ce irin ta Rumyana. Ita ma haka ta ɗauka. Yayarta mai faɗa, mai katse mutum a tsakiyar magana, wadda ba ta iya jiran bas ba sai ta kama hanya a ƙafa.

"Ba ta taɓa gaya mini ba," ta ce.

"Da ta gaya miki, da kin kasa," in ji Kostadin.

Lyuben ya gwada raba numfashin biyu. Manhajar ta yi ta juyi, ta fito da wani abu kamar iskar taya. Kostadin ya ce a kai tasa, sannan da kansa ya ce a bari, tasa ma ba za ta iya ba. Manhajojin suna raba murya da ganga, suna raba goge da sarewa, amma ba wanda ya koya musu raba numfashi da numfashi.

"Kuma ko ta raba, ba zai yi amfani ba," in ji Lyuben. "Ba ji kike buƙata ba, Inna. Jira kike buƙata. Abin da ya kamata su ƙera ke nan, faifan da yake saurarar mutum, sai ya ji ka shirya ya taso."

"Ba su ƙera ba," in ji Kostadin. "Amma kai ai kana da yatsa."

Lyuben ya dube shi. Sannan ya juya ga kwamfutar, ya shiga yanka muryar Rumyana baiti-baiti, kowanne ya ajiye shi daban, a kan maɓalli ɗaya. Da ya gama ya ɗauki kwamfutar ya zo ya tsaya a hagun Spaska.

"Nan Rumyana take tsayawa?"

"Matso kaɗan. Kafaɗarta tana taɓa tawa."

Ya matso. Ta ja numfashi, ya danna, ya makara. Ta sake, ya riga ta.

"Kana kallon allo," in ji Kostadin. "Rufe ido, ɗan banza. Ita allo take kallo?"

Lyuben ya rufe ido. Spaska ta bari zuciyarta ta lafa. Ta ja numfashi ta hanci, kafin ya cika ƙirjinta Rumyana ta ɗauka, ita kuma ta shige ƙarƙashinta daidai wurin da ta saba. Muryoyin suka matsu, suka gogi juna, amon nan ya tashi har gilashin tagar garejin yana amsawa. Kostadin ya danne bakinsa da hularsa.

Baitin ya ƙare. Garejin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a kan kwanon rufi.

Lyuben yana tsaye ido a rufe, yatsansa a kan maɓallin. Spaska tana jin ɗumin kafaɗarsa. Baiti na biyu yana nan a shirye, kuma ba zai taso ba sai ta ja numfashi. Ta gane cewa muddin ba ta ja ba, Rumyana tana tsaye a hagunta, tana jira.

Shirun ya yi tsawo.

Ta riƙe har ƙirjinta ya fara zafi, har idanunta suka kawo ruwa. Ta bar yayarta ta ƙara jiranta kaɗan. Sannan ta ja numfashi.