Ɓauren da Baba Bai Zana Ba

Shekara goma sha ɗaya hatimin Babana bai taɓa takarda ba. Yana dai aljihun kwat ɗinsa, naɗe cikin hankici. Sai ga wasiƙa daga ƙungiyar injiniyoyi: duk mai ritayar da ke son ci gaba da riƙe hatimi, ya zo ƙaro ilimi na kwana biyar, ya ci jarrabawa. Wanda ya faɗi, ya ajiye.

Ni na raka shi Alƙahira, wai mai riƙe jakar magani. Ban gama sakandare ba, amma littattafan Baba na harkar ban-ruwa duk na karance su, don a gidanmu in ba su ba, sai takardar cikin kwalin magani.

Tsofaffi goma sha tara ne a ɗakin, kowa Bashmuhandis, wato babban injiniya. In ka kira sunan, tara za su juyo, sauran ba sa ji. Malaminsu Dokta Haisam, mai takalmi mai tsini, ya taɓa yin wata takwas a Turai, kuma har yau bai warke ba.

"Iyayena," ya ce, "zamanin shiga taɓo ya wuce. Yanzu ruwa a kwamfuta yake."

Ammu Girgis, abokin Baba tun suna samari, ya ɗaga hannu. "To ɗana, tsiyayo min kofi ɗaya, zan haɗiyi magani."

Kullum bayan azahar sai a rufe labule, a kunna majigi. Shuɗayen layuka su yi ta rarrafe a bango, fanka na juyawa a hankali, kawuna na sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa ba barci yake ba. Idonsa a rufe, ɗan yatsansa na tafiya a kan tebur, yana bin magudanan ruwan Fayyum inda ya yi aiki, yana ɗan tsayawa a kowace ƙofar ruwa. In na daɗe ina kallo, har ni ma sai in ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, in ji kukan wilin katako mai ɗibar ruwa can nesa. Sai Dokta ya yi gyaran murya, in dawo ɗaki mai warin man zafi.

Jarrabawar tambaya ɗaya ce. Aka raba tsohon zanen wata magudana, an goge sunanta. Me ya sa ruwa ba ya isa gonakin ƙarshe? Na san amsar, don ranar da aka faɗe ta ni kaɗai ce idona biyu: ƙofar ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa.

Baba ya zuba wa takardar ido, ya shafa ta kamar fuskar jariri. Na matsa da ƙwayar maganinsa.

"Baba," na ce a kunnensa, "rubuta a faɗaɗa ƙofa, mu tafi gida."

"Zanena ne, Nirmin. Ƙofar lafiyarta ƙalau. Ɓaure ne a kwana ta uku, saiwarsa ta toshe ƙasan."

"Babu ɓaure a nan."

"Ai ban zana shi ba. Da na zana, da an zo an sare. A inuwarsa nake cin abincin rana."

"Saboda inuwa ka bar gonakin mutane da ƙishi?"

"Duk shekara nakan shiga da kaina in datse saiwar. Yanzu ban san mai shiga ba."

"Baba, hatiminka."

"Na ji."

Ya ɗauki fensir. Hannun nan da ba ya iya riƙe cokali ya zana bishiya a kwana ta uku, har da ganye. Ya rubuta: a datse saiwa, a bar itacen. Sannan ya kwance hankici, ya hura wa hatimin iskar bakinsa sau biyu, ya danna. Tambarin ya fito dishi-dishi, kamar abin da aka gani a mafarki.

Dokta ya duba takardar, ya duba kwamfutarsa. "Bashmuhandis Wagdi, babu bishiya a bayanan da ke hannuna."

"Je ka da takalmin nan ka gani," in ji Ammu Girgis. "Za ta gaishe ka."

"Ba zan iya ba ka maki ba, ranka ya daɗe."

"Ban nema ba, ɗana. Ka dai aika takardar zuwa Fayyum, akwai hatimi a jiki."

Ya ajiye hatimin a kan tebur, ya ninke hankicinsa. Mutum goma sha takwas suka ci, har da waɗanda ba sa ji.

A mota Baba ya lumshe ido. Yatsan ya kama hanya a kan gwiwarsa, ya wuce kwana ta farko, ya wuce ta biyu. A ta uku ya tsaya. Har muka isa gida yatsan bai ƙara motsawa ba, ni ma ban ta da Baba ba.