Ranar da Na Raka Harsashi Ofis

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ban saba faɗin abin da ke raina ba. Amma mafarkin da na yi daren jiya ya ƙi sakina.

Tun da hannun Baba ya fara rawa, ni nake cika masa kwanson harsashi. Nakan ɗauke numfashi in auna albarushi, in share ƙwayar da ta yi yawa da gashin zabuwa, har sikeli ya tsaya cak. Yaya Sallau ne ke harbawa a gasar maharba, shi ake yi wa kirari. Ran Asabar Baba zai miƙa masa sikelin a gaban jama'a, wai shi ne magajin sana'a.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa yana komawa gajimare. Kowa ya taka lemarsa yana tafiya. An kifa wata ƙwarya a kan dutse, can bayan kogi uku. Yaya ya saita ta da bindiga, ya harba, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta.

Harsashin ya fito a hankali, ya gaishe ni, ya ce, "Tabawa, zo ki raka ni. Sai an buga mini hatimi kafin in isa."

Sai ga mu a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana bayan tebur yana cin fayil.

"Wa ya auna ka?" ya tambayi harsashin.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe."

Bunsurun ya duba daidai inda nake tsaye. "Ban ga kowa ba. Sakatariya, rubuta Sallau." Wata akuya ta rubuta.

Na ce, "Yallaɓai, ni ce. Dubi farcena, har yanzu baƙi ne."

"Baƙin farce ba takarda ba ne." Ya ɗauki muryata ya ɗora a ma'auni, allurar ko gezau. "Kin gani? Ba ta kai nauyi ba. Ki dawo jiya."

Sai ga mu a saman kogi na biyu. Iska ta zo da zane a ɗamare, ta bangaje harsashin da kafaɗa. Bai karkace ba. Ya ce mini, "Ba ƙarfina ba ne, aikinki ne. Amma kin ji abin da hukuma ta ce."

Da muka isa dutsen, ƙwaryar ta gaji da jira har ta yi furfura. Harsashin ya yi sallama, ya shige tsakiyarta daidai. Jama'a suka ɗaga Yaya sama da tabarmarsa, yana ta minshari.

Na ja hannun rigar Baba. "Baba, ka faɗa musu mana."

"Ai na sani, 'yar nan. Tunda na sani, ba sai an faɗa ba."

Ya zare hannuwana biyu a hankali, kamar safa, ya sa wa Yaya. Sun yi masa kaɗan.

"Za su buɗe," in ji Baba. "Ke kuma ki ari nasa kafin nan. Wanke-wanke dai za su iya."

Ƙarar guga a bakin rijiya ce ta tashe ni.

Da safe Yaya ya leƙo yana tauna asuwaki. "Ke Tabawa, cika mini ashirin kafin hantsi, zan je gwaji."

Na ɗauko sikelin da kwanson na ajiye a gabansa, ban ɗaga kai ba, na wuce gindin rijiya wurin kwanuka. Yaya ya daɗe a tsugune yana jujjuya sikelin. Can na ji ya ce, "Baba, wai ta wane gefe ake zubawa?"

Baba ya kira sunana sau biyu. Na ƙara sabulu a ruwan.