Jar Karsanar Hamman

Shekarar da ƙasa ta canja suna ta koma Gana, Sumani ba shi da saniya ko ɗaya. Ciwon huhu ya share masa garke a bayan ƙauyen Kukuo, ya bar shi da turaku da igiyoyi. Sai amininsa Hamman ya ɗaura masa karsana bisa al'adar makiyaya: ka riƙe ta har ta haifa maka 'yan maruƙa uku, su zama naka, sannan ka mayar da uwar. Mayar da ita kafin nan kuwa zagi ne ga mai ita.

Ja ce, mai sheƙi, duk garken Hamman babu kamarta. Damina biyu ta wuce tana ci tana ƙiba. Wuyanta ya yi kauri, hantsarta ba ta sauko ba, ba ta taɓa neman bijimi ba, bijimi ma bai taɓa waiwayarta ba.

Ranar allurar rigakafi, Gariba malamin dabbobi ya ɗaga wutsiyarta, ya shafa cikinta, sannan ya juyo.

"Baba Sumani, wannan ita kaɗai aka haifa?"

"Ban sani ba. Aro ce."

"Ina jin da namiji suka kwanta ciki ɗaya. In haka ta faru, jininsu kan haɗu tun a mahaifa. Na namijin yakan fi nata ƙarfi, sai ya hana kayan haihuwarta girma. A waje mace ce, a ciki ba a gama ta ba. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke haihuwa."

"Babu allura?"

"Allurata ta kashe cuta ce, Baba. Wannan ba cuta ba ce."

Sumani ya ja ta gida, ya zauna gindin ɗorawa yana kallon ta tana tuƙa. In Hamman ya sani ya ba shi, to ya yaudare shi da kyan fata. In bai sani ba, duk wanda ya faɗa masa ya kunyata shi a kan alherinsa. In kuma aka yi shiru, tsufa zai same shi yana kiwon saniyar da ba za ta taɓa ɗiga masa nono a ƙwarya ba. Kwana shida yana juya maganar, ko ta ina ya kama sai ta soke shi.

A rana ta bakwai Asmawu, matar Hamman, ta biyo da ƙwaryar nono a ka za ta talla kasuwar Aboabo. Ta tsaya suka gaisa.

"Ja ta zama amaryar sarki," in ji ta. "Me kake ba ta, tuwo da miya?"

"Ciyawa dai, Asmawu. Ci take kamar mai biyan bashin wani." Ya waiwayi karsanar. "Ran da aka haife ta, wa ke wurin?"

Ta sauke ƙwaryar a hankali.

"Ni. Maigida ya tafi Yendi."

"Ita kaɗai ta zo?"

Asmawu ta dubi ƙasa. "Da ɗan'uwanta. Namiji, bai zo da rai ba. Na binne shi bayan garke. Na ga mene ne amfanin tarbar mutum daga tafiya da labarin mushe?"

"Har yau bai ji ba?"

"Daga bakina dai bai ji ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Sumani bai ce ta faɗa ba, bai ce kada ta faɗa ba.

Bayan kwana uku, da hantsi, sai ga Hamman yana janye da wata baƙar saniya, ramammiya, ƙahonta ɗaya a karye, cikinta ya yi nauyi har tana tafiya a karkace. Suka gaisa, suka tambayi juna iyali da ruwa da ciyawa, kamar kullum.

"Wata alfarma ta kawo ni," in ji Hamman. "Ka ga garmar shanun nan da malaman gona ke yawo da ita? Ina so in gwada a gonar dawa. Shanuna duk ragwaye ne, ja ce kaɗai mai wuya. Ara mini ita."

"Mai abu ke aron abinsa?"

"Tana hannunka, taka ce. Riƙe mini wannan mummunar kafin in gama. Ka yi haƙuri da ita, haihuwa take kamar akuya, ta ishe ni."

"Yaushe za ka gama noman?"

Hamman ya dubi sama. "Gonar da faɗi."

Sumani ya kwance ja, ya miƙa masa igiyar. Ya so ya duba fuskar amininsa ko zai gane yaushe ya sani, shekaranjiya ko tun shekara biyu, amma Hamman ya riga ya sunkuya yana gyara ƙulli.

Da suka ɓace a bayan gonaki, ya ɗaure baƙar a turken da ja ta bari. Ya dafa cikinta da tafin hannu, ya jira. Can ya ji abu ya shure shi.