Shirun 'Yan Aji Huɗu

Shekarar da aka zo gwada karatun yara, jihar Kebbi ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba. Gwajin na ƙasashe da yawa ne. Aka ɗebi makarantu nan da can, har abin ya faɗo kan wata 'yar firamare a bakin ruwa kusa da Wara, inda Malama Christiana ke riƙe da aji huɗu.

Baƙi suka ba yara takarda suka rubuta, sannan suka riƙa kiransu ɗai-ɗai su yi karatu a bayyane. Duk wanda aka kira sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya yi gum. To, ɗan masuncin da aka hora kada ya ɗaga murya gaban babba, ina zai buɗe baki gaban baƙo mai hula da tabarau? Aka zabga musu sifiri aka tafi.

Da sakamako ya dawo, ofishin ilimi ya ce za a ɗauke Malama Christiana daga ajin. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Yaran nan ita ta bi gida-gida ta roƙo su, kuma ta san ranar da ta tafi duk kwalekwale za su koma.

Ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, don ta ga sakamakon da idonta. Wannan ofis ya tura ta wancan, wancan ya ce ta dawo gobe, har Allah ya haɗa ta da Malam Lawali mai tantance alƙaluman gwajin, wani dogo mara yawan magana. Bai kore ta ba. Ya baje takardu a tebur, ya daɗe yana bin layi da yatsa.

"Malama, yaranki sun ci na rubutu da kyau," in ji shi. "Yaron da ya fahimci tambaya ya rubuta amsa, ƙaƙa za a ce bai iya karatu ba? Mi ya faru?"

Ta ce, "Yallaɓai, kunya ce."

Mutumin nan sai da ya zo Wara da ƙafarsa. Ya ƙi shiga ajin, ya zauna a ƙasa bayan taga inda ba mai ganinsa. Malama ta miƙa wa wata yarinya, Yasira, littafi. Yarinyar ta kama karatu tiryan-tiryan, sauran suna ta ɗaga hannu har da rigima, kowa na son a ba shi.

Can ya yafito Malama waje, yana kaɗe ƙurar wandonsa.

"Alƙaluman da sunka tafi ƙasashen waje ba ni iya canza su," ya ce. "Amma zan rubuta abin da kunnena ya ji. Ajin ga babu mai karɓe miki shi."

"Allah ya saka da alheri, Yallaɓai. Allah ya raya maka naka."

Ta koma ciki tana share hawaye da bakin gyale, ta ce wa Yasira ta ci gaba daga inda ta tsaya.