Ranar da Kamfani Ya Lashe Amansa

Kilifa tana tsakiyar kan Akawu, an aske gefen dama an bar na hagu, sai ga Dogo ya faɗo shagon da waya a hannu, yana haki kamar wanda kare ya biyo.

"Sun janye," in ji shi. "Wallahi kamfani ya lashe amansa."

Raga ya kashe kilifar. Shi ne mai shagon askin, kuma abokan wasa ne suka laƙaba masa wannan suna, don a gem ɗin ƙwallo duk wanda ya buga masa sai ta shiga. Da farko ya yi ta faɗa a kan sunan, daga baya ya gaji ya fara amsawa, yanzu har matarsa da shi take kiransa in tana son tsokana.

"Karanta mu ji," ya ce.

Maganar ta samo asali ne makonni da suka wuce, lokacin da kamfanin da ke ƙera injin gem ɗin da dukkansu suke bugawa ya yi sanarwa a kan sabon injin da zai fito. Wai faifan da ka saya, da zarar ka zura shi a injinka shi ke nan ya auru da shi, ba aro, ba musaya, ba sayarwa. Kuma wai injin ba zai tashi ba sai ya leƙa intanet kullum ya gaishe da kamfani. Ai kuwa 'yan gem na ko'ina suka yi wa kamfanin caa, aka yi masa taron dangi, ba dare ba rana.

Dogo ya gyara murya kamar mai karanta labarai. "Mun saurari koke-kokenku. Faifan da kuka saya naku ne. Ku ba da aro, ku yi musaya, ku sayar, kamar yadda kuka saba."

"Maimaita wajen 'naku ne' ɗin nan," in ji Akawu, yana ƙoƙarin juyowa da zanen aski a wuya.

Dogo ya maimaita. Shagon ya kaure da dariya da tafi. Masu jiran layi a kan benci suka miƙe ana tafawa, har da wani dattijo da ya zo gyaran gemu, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce tunda ana murna shi ma Allah ya sanya alheri. Akawu kuwa, mutumin da ko gaisuwa sai ya duba agogo, ya taso daga kujera da rabin kai yana taka rawa a gaban madubi.

"Ko a haka ka bar ni zan koma ofis," ya ce. "Ni na rubuta musu ƙorafi har hannuna ya gaji. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

"Kai ka sa suka janye kenan," in ji Dogo. "Shugaban kamfani ya ga saƙon Akawu ya kasa barci."

Raga ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma dariyar gaskiya ce, don ya ji daɗi ƙwarai. Amma da ya zaunar da Akawu ya kunna kilifa, sai wani abu ya rage masa daɗin, kuma ya san ko mene ne. Yaya ne.

Yayansa mai gyaran firji ne, can ɗaya ƙarshen garin yake zaune, kuma mutum ne mai tsadar magana. In ka kira shi a waya, "Lafiya? Lafiya. To," an gama. Abin da ya riƙe zumuncinsu tun da kowa ya yi aure shi ne faifai ɗaya, gida biyu. Wannan ya sayi na wannan karon, wancan ya sayi na gaba. Kuma suna da ƙa'idar da ba wanda ya taɓa karyawa: ba a aika faifai. Wanda ya gama, da ƙafarsa zai kai, ya zauna a ci abinci, a buga ƙwallo, Yaya ya cika masa raga, sannan a tsakanin ci da ci maganar da ba a yi a waya ba ta riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan, ta yara, ta aiki, ta jikin Mama.

To ranar da kamfani ya yi waccan sanarwar, ran Raga ya ɓaci, don ya ga abin da za a raba shi da shi. Ya hau guruf ɗinsu na waya ya saki murya: "Duk wanda ya rubuta sunansa a layin sayen injin nan sakarai ne, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke." Wannan ƙarshen don armashi kawai ya ƙara shi. Ina ya san Yaya ya riga ya rubuta sunansa a kanti tun kafin sanarwar? Yaya ya turo kalma biyu, "Na ji," ya fice daga guruf. Magana zarar bunu ce.

Tun daga nan faifan tseren motar Yaya yake gidan Raga. Kullum in ya yi niyyar kaiwa sai kunya ta danne shi, sai ya ce wa kansa ai dama aron ya kusa ƙarewa, kamfani ya kashe shi. Yau ga kamfani ya janye, ya bar shi tsaye ba abin fakewa.

Ya ƙarasa kan Akawu, ya gyara gemun dattijo, ya roƙi sauran su yi haƙuri sai gobe. Dogo ya bi shi da ido yana kulle ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, ya ce, "A gaishe da Yaya."

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kayan wanki a falo.

"Lafiya da wuri haka, Raga?"

"Kamfani ya janye."

"Na gani. Dogo ya turo min, har da hoton wani yana kuka don murna." Ta ɗora riga a kan riga. "Kamfani guda da girmansa ya ce ya yi kuskure. Ashe ba a mutuwa."

"Ke dai ba kya rasa magana."

"Ni me na ce?"

Ya shiga ya watsa ruwa ya sake riga. Da ya fito, ga ta tsaye a bakin ƙofa riƙe da gidan faifan, ta ma goge masa ƙura. Ta miƙa masa tana wani murmushi da bai gane kansa ba, shi kuwa hankalinsa yana can wajen abin da zai faɗa, ya karɓa ya fita.

A bas ya samu kujerar taga, ya rungume gidan faifan, ya yi ta shirya jawabi. Ya fara da "Yaya, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa," ya ga ya yi kama da wa'azi, ya zubar. Ya gwada "Ni fa ba da kai nake ba," ya tuna da uwa ɗaya uba ɗaya, ya ji kamar ya nutse a kujerar. Har kwandasta ya buga ƙofa a tasharsu bai tsayar da komai ba.

Matar Yaya ce ta buɗe. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Wa nake gani? Mijina da ya gudu ya bar ni? Na zaci ka koma wani kamfanin."

"Anti, ki rufa min asiri."

"Shiga, yana ciki. Tun da rana yake duba waya yana ajiyewa, wai shi bai damu ba."

Yaya yana zaune a ƙasa a falo, ya kwance fanka, sukurori jere a cikin faranti. Bai ɗago ba. Raga ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ci gaba da murza sukundireba. Duk jawabin bas ya gudu. Raga ya ajiye gidan faifan a gefen farantin.

"Na kawo maka faifanka."

"Ka gama?"

"Na gama tuntuni."

"Hm."

"Yaya, kamfani ya janye maganarsa." Raga ya matso kusa. "Ni ma na janye tawa. Bakina ne ya fi ni sauri. Ka yi haƙuri."

Yaya ya ajiye sukundireba, ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar ba shi da wani aiki a duniya.

"Ai tun ranar na je na soke sunana," ya ce.

Raga ya ɗago. "Ka soke?"

"Injin da ba zai bar ni in ba ka aro ba, me zan yi da shi? Kafin ma ka yi maganarka na yanke shawara."

"To me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Sakarai ka ce. Sai na ce bari in ga wanda zai fara gajiya."

Raga ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Daɗi ya cika shi, ya sunkuyar da kai yana wasa da wani sukuro. Yaya ya jawo gidan faifan ya buɗe. Ya tsaya yana kallo. Ya juyo da shi ya nuna wa ƙaninsa.

Wayam, ba komai a ciki.

Raga ya dafe kai. Faifan yana can cikin injinsa, inda ya bar shi. Shekara da shekaru yana yi wa mutane dariya a kan wannan kuskuren, yau ya hau bas ya ratsa gari guda da gidan faifai ba faifai. Kafaɗun Yaya suka fara rawa, sannan dariyar ta ƙwace masa, irin wadda Raga ya daɗe bai ji ba, har ya ture farantin sukurori suka watse a ƙasa.

Anti ta leƙo daga kicin, ta riga ta yafa mayafi. "Ai matarka ta kira ni tun kana hanya. Ta ce ta gani sarai ba komai a ciki, ta ce kuma ta ɗora tukunya da mu."

"Kin ji ko," in ji Raga. "Da ni aka haɗa baki."

Yaya ya miƙe ya karkaɗe wando, ya bar fankar a kwance yadda take. "Ni ba na karɓar gida ba mai gida. Tashi mu je in ɗauko kayana." Ya zura takalmi, ya nuna kan tebur da baki. "Ɗauko fad ɗina na buga gem. Naka na biyun nan maɓallinsa yana maƙalewa, kada in ci ka in ji wani labari."

Suka fito, Anti tana kulle ƙofa, Raga yana gaba riƙe da fad a hannu ɗaya, gidan faifai a ɗayan, bakinsa har kunne. Sun kusa tasha Yaya ya ce, ba tare da ya kalle shi ba, "Duk wannan zaman da ka yi, ka yi atisaye kuwa?"

"Na yi, Yaya. Yau sai ka sha mamaki."

"To," in ji Yaya, ya ɗaga wa bas hannu. "Allah ya sa ka rage ƙwallayen da zan zura maka."